Hangen Dala ba shiga birni ba: Rabin awa daga Kano zuwa Katsina, amma daga ƙofar gidan wa?

Idan kana cikin masu yawan leƙa Facebook, X ko TikTok, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin wannan musun ba. Wani zai ɗora hoton fiffiken jirgi da ya ɗauka ta taga, ya rubuta cewa ya bar Kano ya sauka Abuja ko shayinsa bai huce ba. Kafin ka ce kwabo an taru a kansa. Wannan ya ce minti arba'in ne, wancan ya ce a'a, awa ɗaya ce cif, wani kuma ya kwafo lissafi daga intanet har da kilomita da ɗigonta. Daga nan sai zance ya juya: "Mu ma dai a gina mana filin jirgi a jiharmu mu huta." A yi ta danna alamar so, kowa ya kama gabansa.

Yau muna so mu zauna da kai ɗan'uwa, da ke 'yar'uwa, mu yi wannan lissafin a tsanake. Ba za mu yi nisa ba. Za mu ɗauki filayen jirgi biyu maƙwabtan juna, na Malam Aminu Kano da ke Kano da na Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina, sannan mu tsaya a garin da ke kan hanya tsakaninsu, wato Tsanyawa. Lambar da waya ke nuna maka gaskiya ce, amma rabin gaskiya ce. Wanda kuwa ya ɗora shawararsa a kan rabin gaskiya, ko shawarar tafiya ce ko ta zaɓe, shi ne zai kwana a ciki.

Mu fara da lambar kanta. Idan aka ja zare a miƙe a kan taswira daga filin jirgin Kano zuwa na Katsina, kimanin kilomita 140 ne. Jirgin fasinja irin Boeing 737 da kamfanoninmu ke amfani da shi yana gudun kilomita 800 ko fiye a awa ɗaya, idan ya daidaita a sama. Raba 140 da 800, za ka ga abin bai wuce minti 11 ba. Wannan lissafin ɗan aji ke nan. Amma jirgi ba ya fara tafiya da wannan gudun. Sai an tura shi baya daga inda ya yi lodi, ya gangara a hankali zuwa titin tashi, ya jira izini daga hasumiya, ya tashi, ya yi ta hawa. A gajeriyar tafiya irin wannan, kafin ya kai tsayin da zai saki jiki ya yi cikakken gudu, lokacin fara sauka ya yi. Ga shi kuma sai ya kewaya ya fuskanci titin sauka gwargwadon yadda iska ke kaɗawa. Shi ya sa minti 11 ɗin nan ke komawa kusan rabin awa.

To, mu ce rabin awa. Rabin awa daga ƙofar gidan wa?

Tsanyawa tana kan babban titin Kano zuwa Katsina, gaba da Bichi, kafin a tsallaka iyaka a kai Gidan Mutum Ɗaya, a wuce Kankiya da Charanchi. Daga Tsanyawa zuwa Kano kimanin kilomita 70 ne, zuwa Katsina kuma kimanin 100. A ce matashi ɗan Tsanyawa an kira shi tantancewar aiki a Katsina, ko zai koma karatu Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ya ce shi fa sai jirgi. Abu na farko, dole ya juya wa Katsina baya ya nufi Kano. Zai tsaya a bakin titi ko a tasha har mota ta cika, ya ratsa Bichi, ya shiga cunkoson Dawanau, ya sauka ya nemi ɗan sahu zuwa filin jirgi. Awa ɗaya da rabi ta tafi, idan Allah ya taimake shi. Sai ya isa aƙalla awa ɗaya kafin lokacin tashi, don a duba tikiti, a auna kaya, a caje shi. Sai rabin awar nan ta sama. Sai jiran jaka, sai neman abin hawa zuwa cikin gari. Haɗa duka, ka tashi da awa uku da rabi zuwa huɗu. Abokinsa da ya tare motar Katsina a bakin titin Tsanyawa kuwa, cikin awa biyu ko ƙasa da haka ya isa, ya yi sallah, ya ci abinci, har ya fara kiran waya yana tambaya, "Wai kana ina ne?"

Wannan ma idan an samu jirgin da zai yi wannan gajeriyar tafiyar ke nan. Yawancin jiragen da ke tashi daga Kano da Katsina Abuja suke nufa ko Legas, domin can fasinja yake. Idan sai ka bi ta Abuja, lissafin ya zama abin dariya: kimanin kilomita 360 daga Kano zuwa Abuja, da wasu kimanin 450 daga Abuja zuwa Katsina. Ka ga ka ci fiye da kilomita 800 a sama, da tikiti biyu, da zaman jira a tsakani, don ka je garin da ke kilomita 100 daga ƙofar gidanku. Shafin da ya ba ka "lokacin tafiya" bai yi maka ƙarya ba. Shi dai bai san daga Tsanyawa kake ba, kuma bai tambaya ba.

Kada wani ya ɗauka muna kushe jirgin sama ne. Haba, mu da muka fi kowa cin moriyarsa! Kano ce garin da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, ranar 1 ga Nuwamba, 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a filin wasan dawakai. Zuwa 1936 an fara jigilar fasinja da wasiƙu ta Kano. Kafin wannan zamanin, kakanninmu da ƙafa da jaki da raƙumi suke tafiya aikin Hajji, ta Borno, ta Chadi, ta Sudan, su tsaya su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri su ci gaba. Wasu sai sun yi shekaru kafin su dawo, wasu ba su dawo ba, jikokinsu na nan a Sudan har yau suna jin Hausa. Yanzu kuwa daga Kano zuwa Jidda, kimanin kilomita 3,400, maniyyaci zai yi ta cikin awa biyar ko ƙasa da haka. A nan ne za ka ce nesa ta zo kusa ka faɗi gaskiya.

Ka lura da abin da ya bambanta tafiyar Jidda da ta Katsina. Lokacin da ake ɓatawa a ƙasa, na zuwa filin jirgi da jira da karɓar kaya, yana nan ko tafiyar gajeriya ce ko doguwa. Idan tafiyar ta dubban kilomita ce, wannan lokacin ba ya ko tada hankali. Idan ta kilomita 140 ce, shi ne tafiyar gaba ɗaya. Abuja kuma tana tsakiya. Ɗan Tsanyawa da zai je Abuja ta sama zai ci awa ɗaya da rabi zuwa Kano, awa ɗaya ko fiye a jira, kusan awa ɗaya a sama, sannan ya tarar filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana nesa da tsakiyar birni da kusan kilomita 40. Wajen awa biyar ke nan. Ya fi mota sauri, babu musu, domin a ƙasa tafiyar ta doshi kilomita 500. Amma ina aka kwana da maganar shayi bai huce ba?

Saboda haka ga shawararmu ta farko, kuma ta aljihunka ce. Duk lokacin da za ka yi tafiya mai muhimmanci, kamar tantancewar aiki, jarrabawa, ganin likita ko ɗaurin aure, yi lissafi daga ƙofa zuwa ƙofa. Rubuta abu biyar: daga gida zuwa filin jirgi, zaman jira, lokacin sama, karɓar kaya, sai daga filin jirgi zuwa inda za ka. Sannan ka ƙara abu na shida da babu shafin da zai nuna maka, wato jinkiri. Duk wanda ya san Kano a watannin Disamba da Janairu ya san yadda hazo ke rufe gari, matuƙi ya kasa hango titin sauka, a ɗage tashi ko a soke shi baki ɗaya. Idan ganawarka ta ƙarfe goma na safe ce, kada ka dogara da jirgin safiyar ranar. Ka tafi tun jiya. Idan kuma aka soke jirginka, kada ka tsaya zage-zage a gaban kanta ana ɗaukarka bidiyo. Adana tikitinka da saƙon da aka turo maka, ka nemi haƙƙinka a rubuce. Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama tana da sashen kare haƙƙin fasinja, kuma don irinka aka buɗe shi.

Sai batun kuɗi, wanda hoton taga ba ya nunawa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kuma tikitin tafiya ɗaya a cikin gida sau da yawa yana zarce wannan. Wato ma'aikaci zai iya zuba albashinsa na wata guda a kan awa ɗaya a sama, bai ma yi maganar dawowa ba. Wanda Allah ya hore wa, ya hau lafiya, Allah ya ƙara buɗi. Amma kai da ke tara kuɗin makaranta ko jarin sana'a, kada hoton wani ya sa ka ci bashi don kai ma a ce ka hau. Alamar so ba ta biyan bashi.

Shawara ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin ta shafi abin da muke nema a wurin shugabanni. A shekarun nan jihohin Arewa sun shiga tseren gina filayen jirgi. Na Dutse, da na Birnin Kebbi, da sabon na Bauchi duk a wajajen 2014 aka buɗe su, ga shi tsakanin Dutse da Kano bai kai kilomita 100 ba a miƙe. Mafi yawan fasinjojin ƙasar nan kuwa ta Legas da Abuja suke bi, kuma hukumar FAAN da kanta ta sha faɗin cewa yawancin filayen da take kula da su ba sa iya ɗaukar nauyin kansu. Filin jirgi ba gini ba ne da za a yanke ƙyalle a tafi. Yana cin kuɗin wuta, na'urori, motocin kashe gobara, ma'aikata da jami'an tsaro, ko jirgi ya sauka ko bai sauka ba. Wannan kuɗin daga baitulmalin da ake jira a gyara makarantarku da asibitinku yake fita.

Yanzu dubi titin da ya ratsa Tsanyawa. Tun 2013 aka bai wa kamfanin CCECC kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Katsina tagwaye, kashi na farko daga shataletalen Dawanau zuwa iyakar jihar Katsina, kimanin kilomita 74. Gwamnatin Jonathan ta tafi, ta Buhari ta yi shekara takwas, aikin ya shiga hannun gwamnati ta uku ana ta maganar kammalawa. Yaron da aka haifa shekarar da aka bayar da kwangilar ya isa shiga sakandare. Wannan titin shi ne filin jirgin talaka. Ta nan hatsi ke zuwa kasuwar Dawanau, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi a Afirka ta Yamma. Ta nan 'yan kasuwar Badume ke bi, da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, da tireloli masu nufar Jibiya da Maraɗi. Duk minti goma da aka rage a kan wannan hanyar, dubban mutane aka rage wa, kullum, safe da yamma. Duk inda aka raba hannun masu zuwa da masu dawowa, an rage taho-mu-gama, an rage gidajen da za a je wa ta'aziyya.

Kuma ko babban titin ma ba shi ne farkon tafiya ba. Ƙasar Tsanyawa ƙasar noma ce, gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye. Amma tambayi duk wanda ya fito daga ƙauyen da ke nesa da kwalta yadda ake fita da damina, lokacin da burji ya zama taɓo, rafi ya kawo, ɗan acaɓa ya ce shi kam ba zai tsallaka ba. A nan ne lissafin nisa yake zama na rai da mutuwa. Mace na naƙuda da tsakar dare, an ce sai an kai ta babban asibiti: minti nawa daga ƙofar gidan zuwa kwalta, minti nawa daga kwalta zuwa gadon tiyata? Manomi ya ɗora buhunan gero ko wake ko gyaɗa: nawa mai mota zai caje shi saboda lalacewar hanya, nawa zai rage masa? Waɗannan lambobin babu shafin intanet da ke lissafa su, alhali su ne ke nuna ko gari na kusa ko na nesa.

Wani zai ce, ai jirgin ƙasa na nan tafe. Gaskiya ne, a watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, a hannun kamfanin Mota-Engil, kuma muna fatan Allah ya nuna mana kammaluwarsa. Amma ka buɗe taswirar aikin ka gani. Layin ta Dambatta ya bi, da Kazaure, da Daura, da Mashi, kafin ya shiga Katsina ya wuce Jibiya. Bai biyo ta Bichi da Tsanyawa ba. Ke nan ko bayan an fara jigila, ɗan Tsanyawa da titinsa zai ci gaba da dogara. Idan bai matsa a kan wannan titin ba, wa zai matsa masa?

Ƙasashen da suka fi mu jirage ma wannan lissafin suke yi. A watan Mayun 2023 Faransa ta hana wasu jiragen cikin gida zirga-zirga tsakanin biranen da jirgin ƙasa ke haɗawa cikin ƙasa da awa biyu da rabi, kamar daga filin Orly na Paris zuwa Lyon, Nantes da Bordeaux. Babban dalilinsu rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ne, amma abin da ya ba su damar yin haka shi ne sun riga sun gyara tafiyar ƙasa, har ta kai fasinja ba ya asarar komai idan bai hau sama ba. Su sun fara da ƙasa. Mu kuma sau da yawa so muke mu fara da sama.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ba za mu ɓoye ta ba, wato tsaro. Bayan harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, mutane da dama sun koma hawa jirgin sama don tsira da rai, ba don gayu ba. Mutanen garuruwan iyakar Kano da Katsina ma sun san abin da ake nufi da a ce kada dare ya yi maka a hanya. Filin jirgin Katsina kuma yana da amfaninsa, musamman lokacin jigilar alhazai, inda dattijo ba sai ya sha doguwar tafiya kafin ya hau jirgi ba. Duk mun yarda. Amma ka yi wa kanka tambaya: cikin mutum ɗari da ke bin hanya mai haɗari, nawa ne ke da kuɗin tsallake ta ta sama? Sauran fa? Idan masu hali da masu mulki duk suka koma sama, wa ya rage da zai ji zafin ramin titi har ya buga tebur a kansa? Maganin hanya mara tsaro shi ne a tsare ta.

To me za ka yi, kai da waya a hannu? Wayar nan da kake duba lokacin tashin jirgi da ita, agogo ce, kyamara ce, kuma taswira ce. Ranar da za ka je Kano ko Katsina, duba lokacin da ka bar gida da lokacin da ka isa, ka rubuta. Lura da inda aka tsaya da dalilin tsayawar: rami ne, karkatar da hanya ce, cunkoso ne, ko shingen bincike? Ɗauki hoton gadar da ta karye da sunan ƙauyen da ranar da ka ɗauka. Kada ka ƙara gishiri, kada ka kwafo hoton wata jiha ka ce naku ne, domin ƙarya ɗaya tana rushe gaskiya goma. Ku haɗu ku biyar ko goma, ku tara abin da kuka samu na wata guda, ku kai wa kansilanku da shugaban ƙaramar hukuma, ku tura wa ɗan majalisar jiha da na tarayya, ku ɗora a shafukanku cikin ladabi. Hanyoyin ƙauye haƙƙin ƙaramar hukuma da jiha ne, babban titin kuma na Gwamnatin Tarayya ne, don haka ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa.

Idan kuma lokacin kamfe ya zo, ɗan takara ya hau mumbari ya fara lissafa muku manyan ayyukan da za a gani daga sama, ku tafa masa idan kun ga dama, amma a samu mai ƙarfin hali ɗaya ya ɗaga hannu ya ce: "Ranka ya daɗe, daga ƙauyenmu zuwa asibiti yanzu awa kaza ne. Idan ka gama shekara huɗu, zai koma nawa?" Ku rubuta amsar da ya bayar, ku ajiye ta. Shekara huɗu kamar gobe ce.

Allah ya kai kowa gida lafiya, na sama da na ƙasa.